Daktar da Ta Ajiye Kwalba Ta Ɗauki Alƙalami



Shekara ashirin da ɗoriya ke nan muna riƙe da littafin zauren dattijon unguwarmu a Briketeri, cikin birnin Yawunde. Aikinmu rubutu ne: takardar sulhu, lissafin gudummawa, shaidar sayen fili, sunayen waɗanda suka halarci rabon gado. A tsawon wannan zama ƙararraki iri-iri sun ratsa zauren nan, amma sau ɗaya tak muka ga uba ya kawo ƙarar 'yarsa don ta sami aikin da ya fi na da albashi.

Uban mai kilishi ne, gadon sana'ar ya yi. 'Yar tasa kuwa ita ce wadda duk unguwa ke kira Dakta, domin ta yi karatun ilimin sinadarai har ƙarshensa, ta kuma fara koyarwa a wata jami'a da ba za mu kama sunanta ba. Jama'a na da ta cewa a lamarinta. Shekarar da ta buƙaci tafiya Jamus na wata shida don ƙarasa bincikenta, a zauren nan aka yi karo-karo, mu muka rubuta sunaye, tun daga attajirin da ya ajiye damin kuɗi har tsohuwa mai ƙosai da ta kwance bakin zanenta.

Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ɗauka magani za ta gano mana. Yanzu an ce ta tuɓe farar riga ta koma ofishin lauyoyi tana cika takardu. In aikin akawu ne, me ya kai mu wahalar shekara goma sha biyu?" Sai ya waiwayo ya gan mu da alƙalami a hannu, ya ce, "Malam, ba da kai nake ba." Muka ce babu komai, Alhaji, ai gaskiya ka faɗa.

Baba ya sa aka kira ta ranar Lahadi bayan La'asar. Ta zo ta gaida manya ɗaya bayan ɗaya, ta zauna gefe kan tabarma. Abin da ta faɗa a ranar, da wanda muka ci gaba da tambayarta a watannin baya, shi muke so mu kawo muku, don mun lura yaranmu da ke jami'a ba su san da wannan hanya ba, iyayensu kuma ba su san abin da ake yi a kanta ba.

Ta fara da kwatanta mana aikinta na da. Za ta tafi daji da mai magani ya nuna mata itace, ta sassaƙo ɓawo buhu guda, ta shanya, a daka, ta jiƙa cikin ruwan sinadari mai narkarwa. Abin da ya fito ta zuba shi a wani dogon bututun gilashi cike da farin gari mai kama da yashi, ya riƙa tsiyaya ɗigo-ɗigo, tana tarewa a ƙananan kwalabe ɗari bisa ɗari, mako da makonni. Daga buhun nan, abin da za ta samu tsantsa wani lokaci bai kai 'yan ƙwayoyin gero ba. Kafin ta san siffar abin da ta samu kuma sai an sa shi a wata na'ura mai ƙaton maganaɗisu, wadda babu ita a inda take, sai a aika Jamus ko Pakistan a zauna jira. Wata rana wuta ta ɗauke kwana uku, aikin wata biyu ya lalace a firiji. Ta ce duk wannan bai kore ta ba, don tana son aikin kamar yadda marini ke son karofinsa ko da ya baƙanta masa hannu.

Abin da ya juya ta daban ne. A shekararta ta huɗu ta sami wani sinadari daga ɓawon itace, ta yi masa 'yar kwaskwarima, sai ga shi yana kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin kwalbar gwaji fiye da yadda aka zata. Ƙa'idar jami'a ita ce ba a barin ɗalibi ya kare kundinsa sai ya buga sakamakonsa a mujallar masana, malami ma da yawan abin da ya buga ake ƙara masa girma. Saboda haka suka yi sauri suka buga, aka yi murna. Bayan shekara biyu, a wani taron masana, wata mata daga wani kamfanin magunguna ta tare ta, ta yaba aikin, sannan ta ce, "Kun shigar da takardar neman kariya kafin ku buga?" Dakta ta ce mana ita a lokacin ba ta ma san akwai irin wannan tambaya a duniya ba. Matar ta girgiza kai ta wuce.

Dalili shi ne, abin da aka riga aka bayyana wa duniya ya daina zama sabo a idon doka, ko da mai shi ne ya bayyana da bakinsa. Amurka na ɗaga wa mai ƙirƙira ƙafa na shekara guda bayan ya yi magana, amma a Turai da ƙasashenmu ƙofar a ƙuntace take ƙwarai. Kamfani kuwa ba zai zuba dukiya mai yawa yana gwada magani shekara da shekaru a kan abin da kowa ke iya kwaikwaya washegarin nasara ba. Ta zama ihu bayan hari. Ba ta ɓoye mana ba, ta ce mai yiwuwa ko an kare shi sinadarin ba zai taɓa zama magani ba, don mafi yawan irinsu a hanya suke mutuwa. Abin da ya ci mata rai shi ne a dukan sashen nasu, daga farfesa har ɗalibi, ba a sami mutum ɗaya da ya ce dakata, akwai takardar da ake fara shigarwa ba.

Wannan takarda Larabawa na kiranta bara'atul ikhtira'i, mu kuma a nan za mu kira ta takardar ƙirƙira. Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana yadda ake yin abin nasa dalla-dalla, hukuma kuma ta hana kowa yi ko sayarwa ba da izininsa ba har shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata, muddin yana biyan kuɗin shekara-shekara. In wa'adi ya cika, abin ya zama na kowa. Sharuɗɗanta uku ne: abin ya zama sabo, ya zama ba wanda duk gwanin fannin zai hango da sauƙi ba, ya kuma zama ana iya sarrafa shi a masana'anta. Ba jiya aka fara ba, tun 1474 birnin Benis na Italiya ya yi doka irin wannan, mai wa'adin shekara goma.

A nan ne ta ba mu kunya. Ta ce, "Baba, kun san ginin OAPI da ke Nlongkak?" Kowa ya san shi, daga unguwarmu ko da ƙafa ana zuwa, mun wuce ta gabansa ba adadi muna zaton wata ma'aikatar gwamnati ce kawai. Ashe hedikwatar ƙasashe 17 ce, har da Kamaru, Nijar, Cadi, Benin, Togo, Gabon, Mali da Senegal. An kafa tushenta a Librebil a 1962, aka sabunta ta da yarjejeniyar Bangi a 1977. Takarda ɗaya da aka shigar a ginin nan tana aiki a dukan ƙasashen. Nijeriya ba ta ciki, nata ofishin daban yake a Abuja. Gana da Sudan kuma suna cikin wata ƙungiyar mai hedikwata a Harare. Wato mutumin Maraɗi ko na Abece da ya ƙirƙiro wani abu, takardarsa a maƙwabtanmu take kwana, mu kuwa muna nan muna hura gawayi ba mu sani ba. Dakta ta koma aji ta yi digiri na biyu kan mallakar fasaha, wanda Jami'ar Yawunde ta Biyu ke gudanarwa tare da OAPI da hukumar duniya mai kula da wannan fanni da ke Janeba, sannan ta shiga ofishin wasu wakilai da aka amince su shigar da takardu a madadin mutane. Ta zauna ƙarƙashin wanda ta girme shi tana koyon aiki. Ba lauyar kotu ba ce mai baƙar riga, ko da yake unguwa ta ƙi yarda da wannan bambanci har yau.

Mu ne muka fara yi mata gardama, kuma ba don Alhaji ba, don kanmu. A makarantar zaure an karantar da mu cewa ɓoye ilimi laifi ne babba, an kuma yi gargaɗi mai tsanani ga wanda aka tambaye shi abin da ya sani ya ƙi faɗa. Malamanmu sun kwafi littattafai da hannu, ba wanda ya nemi izinin wani, ba wanda ya biya wani. Muka ce mata, "'Yata, yaya za a ce mutum ya kewaye ilimi da shinge ya ce nasa ne?" Ta ce, "Baba Malam, ai ita takardar nan gaba ɗayanta tonon asiri ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka rage wani abu ka ɓoye, har gwanin fannin ya bi bayaninka ya kasa yin abin, ana iya soke takardar taka. A yawancin ƙasashe bayan wata 18 ake buga ta, kowa ya karanta kyauta, ɗalibi ya yi nazari a kai, wani ya ɗora nasa. Ciniki da ita aka hana, shi ma na ɗan lokaci." Ta ƙara da cewa sunan takardar a Turanci daga wata kalmar Latin ya samo asali, mai ma'anar abin da yake a buɗe.

Ba mu sallama a take ba, sai da muka koma muka bincika. Muka tarar majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, ba ya halatta a keta su. Akwai malaman da suka saɓa, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai ba fatawar ba ce. Mun tuna malaminmu, Allah ya jiƙansa, yana da wata tawada da yake haɗawa da kansa, baƙa ƙirin, mai sheƙi, wadda damina ba ta cin ta. Mun san akwai ƙaro a ciki, mun san akwai bagaruwa, sauran ya ce sai mun girma. Muka girma, ya rasu, tawadar ta bi shi. Wane ne a cikinku bai san wani asiri na rini, ko na jima, ko na ɗori, da aka binne tare da mai shi ba? Mu da muke tuhumar takardar Bature da ɓoye ilimi, namu ɓoyon ba shi da wa'adin shekara 20.

Gardama ta biyu ta fi tamu nauyi, daga wani tsohon malamin asibiti ta fito, wanda ya yi aiki a shekarun da ƙanjamau ke ɗibar mutane. Ya ce shi da idonsa ya ga abin da takardun nan suka yi. Maganin da ke riƙe ran mutum yana nan a duniya, amma kuɗinsa ya haura dalar Amurka 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, har sai da kamfanin Cipla na Indiya ya ce a 2001 zai bayar a kan dala 350. Ya tuna mana kamfanoni 39 da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu kan dokar sauƙaƙa magani, ba su janye ba sai a watan Afrilun wannan shekarar, bayan duniya ta yi musu ca. Ya ce, "Yanzu ke wa kike yi wa aiki?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kawu, mafi yawan takardun da ke biyowa ta teburina na kamfanonin waje ne. Su ke biyan albashina, ba zan yi maka ƙarya ba." Ta ce amma a Doha, a ƙarshen 2001, ƙasashen duniya sun tabbatar cewa gwamnati na da ikon ba da lasisin dole a yi magani ko mai takarda bai so ba, in lafiyar jama'a ta buƙata. Kuma kafin gwamnati ta yi haka, ko ta sayo mai araha daga wani wuri, sai an sami wanda zai karanta takardar ya ce ga iyakarta, ga ranar da za ta mutu, ga inda aka yi zalama aka kewaye abin da ba sabo ba. Lauya zalla ba zai gane zanen sinadarin ba, masanin sinadari zalla ba zai gane inda doka ta ɗaure ba. Tsohon bai ce ya gamsu ba. Mu ma ba mu ce amsar ta share duka tambayar ba, don wanda ke biyan mawaƙi shi ake yi wa waƙa, kuma muna yi mata addu'a kan wannan.

Inda muka fahimce ta sosai shi ne da ta zo kan yadda ake rubuta takardar. Ta ce zuciyarta wasu 'yan jimloli ne a ƙarshe, inda mai ƙirƙira ke faɗin abin da yake da'awar nasa ne. In ka ƙuntata, wani zai sauya ƙwaya ɗaya a jikin sinadarin ya wuce ta gefenka yana dariya. In ka faɗaɗa fiye da kima, ka taka gonar da wani ya riga ya nome, a rushe maka duka. Masu sinadarai har suna da salon rubutu nasu, inda ake zana gangar jikin sinadari a ce a wannan gurbi ana iya sa wannan ko wancan ko wancan, jimla ɗaya ta rufe dubban 'yan uwansa. Ana kiran salon da sunan Eugene Markush, wanda ya sami takarda a Amurka a 1924, kuma a kan rini ya same ta. Kalma ɗaya, in ji ta, tana iya cin ta yini guda: a ce abin "ya ƙunshi" kaza, ko a ce "iyakarsa" kaza, tsakaninsu akwai dukiya.

Da ta faɗi haka sai gabanmu ya faɗi, domin mun san wannan ciwo. Farkon kama aikinmu mun rubuta shaidar sayen wani fili, muka ce iyakarsa ta gabas ita ce bishiyar mangwaro. Bayan shekara tara aka sare mangwaron, masu cinikin duka biyu suka rasu, 'ya'yansu suka yi shekara uku ba sa gaisawa saboda taku huɗu na ƙasa. Laifin alƙalaminmu ne, har gobe muna jin nauyinsa. Tun daga ranar ba mu ƙara kafa iyaka da abin da gatari ke iya ci ba. Sai muka gane yarinyar nan iyakar gona take rubutawa, sai dai gonar tata ba a ganinta da ido, kuma ba mai iya auna ta sai wanda ya yi shekaru yana shaƙar warin ɗakin gwaji. Karatun da Alhaji ke kukan ya tafi a banza, da shi take cin abinci kullum.

Batun rini da ya shigo ya sa Baba da kansa ya yi magana, don kakanninsa marina ne daga ƙasar Kano. Ya ce yana yaro ya ji tsofaffi na cewa shunin gwangwani ne ya kashe karofi. Dakta ta ce haka ne, kuma da takarda aka yi. Wani Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya gano yadda ake haɗa shuni ba tare da ganyen baba ba, ya shigar da takardarsa a 1880, kamfanin BASF ya fito da shi kasuwa a 1897. Cikin 'yan shekaru noman baba ya durƙushe a Indiya, daga baya guguwar ta iso kasuwanninmu. Baba ya jinjina kai ya ce, "Ashe da alƙalami aka ci mu." Daga nan ya sallami taro, ya ce da Alhaji ya bar yarinya ta yi aikinta.

Alhaji ya bi umarni, amma zuciyarsa ba ta sauko ba sai a 2021, lokacin da labari ya bazu cewa OAPI ta yi wa kilishin Nijar rajista. Hankalin masu kilishin unguwarmu ya tashi, aka ce za a hana su kiran nasu kilishi, wasu har suna cewa za a zo a kwashe faifai. Dakta ce ta zo ta zauna da su a rumfar mahaifinta. Ta bayyana musu cewa wannan ba takardar ƙirƙira ba ce, alamar asalin wuri ce, irin wadda barkonon Penja da farar zumar Oku suka samu a nan Kamaru tun 2013. Abin da aka kare shi ne kada wani ya yi nasa a wani wuri ya ce na Nijar ne. Sana'arsu tana nan, sunanta yana nan. Ta kuma ce in suna so su ma su haɗa kai su yi wa nasu tambari na gamayya, hanya a buɗe take. Ba su yi ba har yanzu, ana ta jayayya kan wanda zai shugabanta, kun dai san halinmu. Amma tun daga ranar, in baƙo ya zo rumfa, Alhaji kan ce, "'Yata lauyar masu ilimi ce."

Kada mu ba ku labari rabi. An yi asara. Ɗaliban da take koyarwa sun rasa malama, kuma mata masu koyar da sinadarai daga cikinmu ba su da yawa da za a ce wata ta maye gurbi. Maganin da tsohuwa mai ƙosai ta kwance zanenta dominsa ba a gano shi ba. Ita kanta Dakta ta ce mana wani lokaci takan karanta ƙirƙirar wani, hannunta ya riƙa ƙaiƙayi, ta ji da ma ita ce a gaban kwalaben. Sunanta ba ya fitowa a matsayin mai ƙirƙira, na wasu take gyarawa. Wannan ma mun san shi. Takardu nawa muka rubuta a zauren nan, ba ko ɗaya da ke ɗauke da sunanmu sai can ƙasa, wurin shaida. Duk yaron da ke sha'awar bin sawunta ya san da haka tun yanzu. Ya kuma san sai ya iya Faransanci da Turanci na rubutu ƙwarai, ya iya zama da takarda mai shafi ɗari ba gajiya, ya kuma yarda ya koma ɗan koyo bayan an gama kiransa Dakta.

Bara wani tsoho mai maganin gargajiya, wanda unguwa ta daɗe tana amfana da shi, ya zo zaure ya ce a kira masa 'yar Alhaji, yana so a yi wa maganinsa na basir takarda kada a sace. Ta zo. Ta tambaye shi, "Baba, a ina ka samo shi?" Ya ce wurin mahaifinsa, shi kuma wurin nasa. Ta ce, "Akwai wasu masu yin irinsa?" Ya ce duk wanda ya gaji sana'ar a Arewa ya san tushensa, sai dai hannu ya bambanta. Ta ce to ba sabo ba ne, doka ba za ta ba shi takarda ba. Kuma ko da za ta bayar, sai ya faɗi kowane itace da kowane awo an buga kowa ya gani. Tsoho ya tattara babbar rigarsa ya ce, "Ashe ke 'yar tonon asiri ce." Ya fita.

Ta bi shi har ƙofa tana ba shi labarin gangamau. A 1995 ofishin Amurka ya ba wasu masu bincike takarda kan warkar da rauni da gangamau, abin da kowace tsohuwa a Indiya ta sani. Faɗin cewa kowa ya sani bai wadatar ba, sai da Indiyawa suka kawo tsofaffin rubuce-rubuce, sannan aka soke takardar a 1997. Haka aka yi ta fama kan dalbejiya a ofishin Turai, ba a gama ba sai 2005. Daga nan Indiya ta tattara ilimin magungunanta na gargajiya a rubuce, ta ajiye inda masu duba takardu za su gani, don kada a ƙara ba wani abin da ba nasa ba. Ta ce masa, "Baba, abin da ka rubuta ka bayyana, ba mai iya zuwa daga baya ya ce shi ya ƙirƙiro. Abin da ka rubuta ka rufe, jikokinka za su gada, amma ba zai tare kowa ba. Wanda ba ka rubuta ba kuwa, kai ka san inda za shi." Bai juyo ba.

Sai bayan Babbar Salla, da ya yi jinya ya tashi, ya dawo da jikansa riƙe da hannunsa. Ya ce magunguna uku zai faɗa. Biyu a rubuta a bayyana, na ukun a rubuta da ajami a rufe a ambulan, a ajiye wurin Baba, kada a buɗe sai bayan ransa. Na basir ɗin shi ne na ukun. Muka gyara zama, muka rubuta kwanan wata na Hijira da na Bature, Dakta na gefe.

Ya fara da na farko, ya ce, "Sassaƙen marke, gwargwado." Ta ce, "Gwargwadon me, Baba?" Ya ce, "Gwargwadon hannu mana." Ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan ma'auni da ta ajiye tun zamanin ɗakin gwaji, ta goge shi da gefen mayafinta, ta ce ya ɗebo yadda ya saba. Ya ɗebo, ta auna. Ta ce ya sake. Sau uku yana ɗebowa, sau uku ma'aunin na ba da lamba daban. Tsoho ya leƙa ya ga abin da idonsa, ya yi dariya har da tari, ya dube mu ya ce, "Malam, rubuta na tsakiyar."